Zaren Wutar da Baba Ya Tara a Ƙofar Galadima

Da marka ne, a shekarar da man fetur ya yi wuya har motoci suka riƙa kwana a layi. Ruwa ya yi kwana huɗu bai ɗauke sosai ba, katangar maƙwabtanmu ta zube, itace ya jiƙe ya ƙi kama wuta, kowa a birni yana tafe da nauyin jiki. Shekara ce da ko gaisuwa ta gajarce. A cikin wannan markar Allah ya karɓi ran surukina, mahaifin maigidana, ranar wata Talata bayan azahar. Allah ya jiƙansa, ya yalwata masa makwancinsa.

Ba zan rubuta sunansa ba. Shekara goma sha shida ina gidansa bakina bai taɓa furta shi ba, to alƙalamina ma ba zai fara yau ba. Baba muke ce masa.

Masu ta'aziyya sun zo duk da ruwan, maza a zaure, mata a cikin gida, kowa da abin da ya tuna. Waɗanda suka yi aikin akawu tare da shi suka yi ta zancen kyan rubutunsa. Limamin masallacin bakin ƙofa kuwa, in ji maigidana, cewa ya yi, "Shekara goma sha biyu ban taɓa samun hannunsa na gaisa ba bayan magariba. Ina sallamewa, kafin in waiga takalmansa sun tafi." Wata baƙuwa da ta zauna kusa da ni ta raɗa mini, "Ashe tsohon nan ne mai tsayuwa a kan ganuwa? Wallahi mu mun ɗauka gwamnati ce ta sa shi ƙirgar motoci."

Rana ta biyu wani tsohon malamin makaranta ya zo daga Wusasa a kan keke, jiƙe sharkaf. Kirista ne, aminin Baba tun suna samari. Aka shigo da shi ya gai da Inna, surukata. Ya durƙusa daga nesa ya ce, "Hajiya, ki yafe ni. Ni na ba shi kyamarar nan."

Inna ta share ido da bakin mayafi ta ce, "Ai na daɗe ina nemanka, Malam. Sai ka biya ni turmina."

Dariyar farko ke nan da aka yi a gidan tun rasuwar. Shi ma ya yi dariya, sannan ya rufe fuska da hula.

Ranar addu'ar uku na ji maganar da ta hana ni sukuni. Yaya, wan maigidana, babban ɗan Baba da ke aikin gwamnati a Kaduna, yana tsaye a soro na biyu da maigidana, ni kuma na kawo musu ruwa. Ya ce bayan addu'ar bakwai za a buɗe ɗakin Baba, a ba da tufafinsa sadaka, littattafai a kai masallaci. "Akwatin hotunan nan kuma a ƙona. Duk ɓatattu ne, ba wanda zai amfana da su. Kuma ka san abin da malamai ke faɗa game da hoto. Ba na so ya zame masa nauyi inda yake."

Na ajiye ruwan na koma. Suruka ba ta da gado, ba ta da ta cewa a kayan mamaci. Amma a duk gidan babu wanda ya san abin da ke cikin akwatin nan kamar ni.

Abin ya faro ne da kuskure. Bayan Baba ya yi ritaya amininsa ya ba shi tsohuwar kyamara, wai ya riƙa ɗaukar jikoki. Wata rana bayan magariba ya ɗora ta a kan ganuwar Ƙofar Galadima yana laluben yadda take aiki, ya danna wani abu, idonta ya buɗe ya ƙi rufewa sai da aka jima. Da ya kai fim wanki Sabon Gari, mai wankin ya ba shi haƙuri ya ce guda ɗaya ya lalace, ba zai sa shi a lissafi ba. Baba ya karɓa ya duba. Sama shuɗiya kamar an rina ta a marina, ganuwa baƙa, titi kuma babu mota ko ɗaya, sai wasu dogayen zarurruka na wuta, ja da fari, sun shigo ta ƙofa sun lanƙwasa sun fice. Fitilun motocin da suka wuce ne suka bar sawu. Baba ya ce da shi, "Irin wannan lalatattun nake so. Yaya ake yin su?"

Daga ranar jikoki suka huta.

Lokacin abin ɗan kaɗan ne. In rana ba ta gama faɗuwa ba haske ya yi yawa, in duhu ya rufa sama ta mutu. Tsakanin sallame magariba da sa'adda ba ka iya bambanta akuya da tunkiya, nan ne kasuwarsa. Shi ya sa yake bin sahun ƙarshe, kusa da ƙofa, takalmansa a gefensa. Nafilarsa a kan ganuwa yake yi bayan ya gama.

Kyamarar kuma ba ta son motsi ko kaɗan. Ya gwada dutse, ya gwada kujera, duk suna rawa. Wata rana Inna ta fito za ta daka yaji ta nemi ƙaramin turminta ta rasa. Turmin auren uwarta ne. Aka yi cigiya gida-gida. Da dare ya yi sai ga Baba ya shigo da shi a kafaɗa, bakin turmin duk ƙasa.

Inna ta ce, "Malam, turmin uwata ka kai titi?"

Ya ce, "Kife shi na yi kawai. Bai taɓa yin aiki mai sauƙi irin na yau ba, ba a buge shi ko sau ɗaya ba."

"Tuwonka ya huce sau biyu na ɗumama. Mutum da jikoki, ka hau ganuwa kamar mai kiwon tantabara!"

"To ki ba ni aro na wata ɗaya."

Kwana uku ba ta yi masa magana ba sai ta bakin yara. Rana ta huɗu ta sa aka sayo mata sabon turmi, ta ce wancan ya riga ya ga duniya, ba zai koma daka ba. Tun daga nan a wani shago kusa da ƙofa yake kwana. Ni kuma na ɗinka masa 'yar jaka na cika da gero, yana ɗora ta a kan turmin, kyamara ta zauna a kai daram.

Baba bai yarda da agogo ba a wannan aikin, ya ce a duhu allurarsa ƙarya take yi masa. Da carbi yake awo. Hannu ɗaya yana riƙe da 'yar igiyar da ke buɗe idon kyamara, ɗayan yana jan carbi. In sama da sauran haske, tasbihi goma sha biyar. In ta fara duhu, talatin da uku. Ya kan ce, "Ko hoto bai fito ba, ban tashi a banza ba."

Yadda na shiga cikin lamarin kuwa, ta ajin yaƙi da jahilci ne. Ina da 'ya'ya biyu aka buɗe ajin mata a unguwarmu. Maigidana bai ƙi ba, bai kuma yarda ba, yana ta cewa sai an ga. Baba ne ya ji, ya ce masa, "Me za a gani? Kai da aka kai ka makaranta an tambayi wani ne?" Ya aiko mini da littafi mai layi da fensir biyu. Tun ranar bai sake kirana da komai ba sai Malama. Ina jin kunya, shi ko a jikinsa.

Da na fara haɗa baƙi, sai ya ƙirƙiro mini aiki. Ya ce idonsa ya yi rauni, ba ya iya ƙaramin rubutu, alhali na san yana karanta jarida ba tabarau. Duk ranar da ya karɓo hotuna, da hantsi zai sa a kira ni. In durƙusa a bakin ƙofar ɗakinsa daga waje, labule a tsakaninmu. Ya turo hoto a kan faifai ta ƙarƙashin labule, da biro, ya yi mini shifta in rubuta a baya: wuri, yawan tasbihi, da abin da ya wuce.

"Rubuta, Malama. Ƙofar Galadima. Ashirin da biyar. Tifa ɗaya, babur uku."

In na turo masa ya duba sai in ji ya ce, "Tifar nan taki ba ta da ƙafa, kin cinye mata harafi. Amma ta iso." Bai taɓa soke rubutuna ba. Akwai hotuna na farko-farko da baƙaƙen suke hawa da sauka kamar sawun kaza, haka ya adana su.

A bakin labulen nan na koyi karatu iri biyu. Ya koya mini cewa farin zare mai shigowa ne, ja mai fita. Zare biyu a jere mota ce, ɗaya mai karkarwa babur ne a kan gargada. Inda ja ya yi kauri, direba ya taka birki, akwai rami a wurin. Ranar kasuwa zare ya kan cukurkuɗe kamar saƙa. Da azumi kuwa titi fayau, kowa yana gaban kunu. Ni da ba na fita sai da dalili, kuma ban taɓa tsayawa a titi da almuru ba, na san maraicen garinmu fiye da masu yawo a cikinsa.

Wata rana na yi ƙarfin hali na tambaye shi, murya ƙasa-ƙasa, "Baba, ina mutanen? Ba kowa a titin ne?"

Ya ce, "Cike yake, Malama. Masu talla, masu keke, 'yan makaranta. Amma mai tafiya ba ya zama a hotona. Sai wanda ya riƙo haske, shi ma hasken ne ke zama, ba shi ba."

Saɓaninsa da Yaya a kan wannan ne. Wata Asabar Yaya ya zo daga Kaduna da abokin aikinsa, suka shigo ta ƙofa da almuru, abokin ya nuna wani tsoho a kan ganuwa, tsugune gaban kifaffen turmi, ya ce, "Allah sarki, Allah ya ba shi lafiya." Yaya bai ce ubansa ne ba. Washegari ya shiga ɗakin Baba, muna jin muryarsa daga tsakar gida.

"Baba, don Allah ka dubi girmanka. Mutane suna magana. In zama ne ya ishe ka, in buɗe maka shago, in sayo maka rediyo babba."

Baba ya ce, "Shekara talatin ina zaune a teburi ina rubuta abin da wasu suka ce. Yanzu na samu abin da ni na gani, ka ce in koma in zauna?"

"Amma ba ma hoto ba ne! Ba mutum, ba gida, ba komai."

"To ka ga ban ci haƙƙin kowa ba."

Yaya ya fito ransa a ɓace, da yamma ya tada mota bai yi masa sallama ba. Sun shirya daga baya, ba su dai sake tada zancen ba har Baba ya bar duniya.

Shekararsa ta ƙarshe titi ya yi shiru saboda rashin mai. Ya kan ja carbi ya ƙare, ya sake, babur ɗaya bai wuce ba. Ya dawo ya ce da Inna, "Yau ma titi azumi yake." Duk da haka bai fasa hawa ba, sai da ƙafa ta ƙi. 'Yata ta uku, wadda yake kira amaryarsa, ita ke kai masa fura a kwance, yana tsokanarta wai ta rage masa nono ta kai wa saurayi.

Bayan addu'ar bakwai, da la'asar, aka fito da kayansa tsakar gida. Ruwa ya ɗauke ranar. Aka ware riguna, aka ware littattafai. Yaya ya jawo akwatin ƙarfen ya buɗe, ya sa a kawo masa garwashi a kasko. Inna tana zaune a kan tabarma cikin takaba. Maigidana ya dube ni ya kau da kai.

Ban taɓa yi wa Yaya magana da ta wuce gaisuwa ba. Na ja mayafina na matso na durƙusa.

Na ce, "Yaya, ina neman arziki."

Ya ce, "Faɗi, Malama." Shi ma sunan ya bi bakinsa.

"In don nauyin hoto ne, a duba. In aka samu fuskar mutum ko ta dabba ko guda ɗaya, a ƙona duka, ni zan riƙe kaskon. In ba a samu ba, a bar su."

Ya dube ni. Sannan ya zauna a kan kujera ya ɗebo damƙa ɗaya ya fara dubawa. Ya ajiye, ya ɗebo wata. Garwashi yana ta cin kansa. Can ya juya ɗaya ya ga rubutu.

"Wannan hannun wa?"

Na ce, "Nawa ne. Shi ke faɗa, ni in rubuta."

Ya shiga juya su ɗaya bayan ɗaya yana karantawa a hankali. Na san wanda nake so ya gani, na kuma san inda yake, don ni na jera su. Na miƙa hannu na zaro na ajiye a gabansa. Hoto ne mai jan zare ɗaya tak, ya miƙe ya fita ƙofa. Ya juya ya karanta da ƙarfi: "Ƙofar Galadima. Ashirin. Motar babban ɗana, ya tafi yana fushi. Fitilar baya ta hagu ta mutu, a gaya masa kafin ya yi tafiyar dare."

Ya dubi maigidana. "Shi ya sa ka yi mini waya ofis a kan fitila? Na yi ta mamakin inda ka gani."

Maigidana ya ce, "Ni ma saƙo aka ba ni."

Yaya ya yi 'yar dariya. Ya daɗe yana kallon jan zaren. Sai ya sa hoton a aljihun gaban rigarsa.

Ya ci gaba da tonawa har ƙasan akwatin. A can ya tarar da wani a naɗe cikin takarda, wanda ni ban taɓa gani ba. Wannan kam ɓatacce ne na gaske. Kusan duka fari fat, ganuwar ma da ƙyar ake gane ta, sai wani ja-ja da ya dusashe a gefe. A bayansa ba rubutuna ba ne, ajami ne da hannun Baba. Ni ajami ban iya ba.

Yaya ya karanta a zuci, ya ɗago ya dube ni, ya sake dubawa. Ya ce, "Inna, wace shekara aka kai Malama asibiti da naƙuda?"

Inna ta ce, "Haihuwar amaryarsa. Shekara tara ke nan. Kwana biyu tana fama, ungozoma ta ce ya fi ƙarfinta. Shi ya je da kansa ya samo akori-kurar maƙwabci, aka fita da ita ana sallame magariba. Na ce ya bi mu, ya ce ina shi ina bin suruka ɗakin haihuwa."

Yaya ya gyara murya ya karanta: "Fitar Malama asibiti. Na danna na manta. Ban ƙirga ba, roƙo nake yi."

Ni abin da na sani game da wannan maraicen shi ne rufin mota da hannun Inna a goshina. Ban san akwai wanda ke tsaye a kan ganuwa ba. Da muka dawo bayan kwana biyar, abin da ya ce daga bayan labule shi ne, "Sannu, Malama, aiki ya taru," ya turo faifai.

Inna ta dubi kaskon. Ta ce, "A ɗauke wutar nan a ɗora ruwan shayi, kada garwashi ya tafi a banza."

Yaya ya mai da hotunan ya rufe akwatin, ya tura shi gabana da hannu biyu. Ya ce, "Wannan ba ya cikin rabo. Rabinsa ma rubutunki ne." Maigidana ya ɗauka ya kai mini ɗaki.

Baba bai bar hoton fuskarsa ko ɗaya ba. Jikokin da za a haifa nan gaba ba za su san yana da wushirya ba, ko yadda yake karkata hula in zai yi tsokana. Abin da zan iya nuna musu shi ne inda ya tsaya da abin da ya kalla. Allah ya gafarta masa, ya karɓi tasbihin da ya ja a kan ganuwa, wanda ya ƙirga da wanda bai ƙirga ba. Ya haskaka kabarinsa, ya ba Inna haƙurin rashinsa, mu kuma ya kyautata namu ƙarshen.

Washegari da hantsi, lokacin da ya saba kirana, na share bakin ƙofar ɗakinsa na durƙusa a inda nake durƙusawa. Labulen yana nan, ba a cire ba tukuna. Na kira 'yata, amaryarsa, ta zauna kusa da ni, na ba ta farin hoton ta riƙe, na gaya mata ko na wane ne. Sannan na karɓa na juya shi, na ɗauki biro. Kowane hoto a akwatin yana da wuri da abin da ya wuce, wannan ne kaɗai babu. A ƙarƙashin ajaminsa na rubuta, a hankali don kada in cinye harafi: "Ƙofar Galadima. Akori-kura ɗaya. Mutum biyu aka roƙa wa, duk sun dawo."

Na ɗora shi a kan faifai na tura ta ƙarƙashin labule.